Ladi, Ga Labarin Indo Kafin Ki Kwana a Kano

Assalamu alaikum. Ladi, ni ce, innarki. Ina fata muryata tana shiga, maƙwabciyarmu Hansai ta ce in na ga jan ɗigon nan yana ƙiftawa to wayar tana ɗauka. Ina gaishe ki, ina gaida duk wanda yake kusa da ke lokacin da za ki ji wannan. Allah ya sa kin sauka lafiya, Allah ya sa motar ba ta jijjiga miki ƙashi ba, Allah ya tsare min ke gaba da baya.

Da na iya rubutu da takarda zan ba ki. Ban iya ba, to ga wasiƙata da baki. Ina gona, gindin ɗorawar nan ta kan iyaka, na ce musu zan tsinko tafasa. Ƙaninki yana bayana, in kin ji na yi shiru shi nake jijjigawa. A gida ba zan iya wannan maganar ba. Ke ce 'yar fari, ko kallonki na ɗan daɗe ina yi sai matan gida su fara taɓa juna suna dariya.

Gobe in Allah ya kai mu Gwaggo Hajara za ta tafi da ke riƙo. Tun ranar sunanki ta ce ta kama, tata ce, ita Allah bai ba ta 'ya mace ba. Babanki ƙaninta ne, ya yi alkawari. Ni ma ban ce a'a ba, can akwai makaranta mai kyau, ga asibiti kusa. Wayar zan tura ta can ƙasan jakarki, cikin zanen nan mai ruwan ganye.

Abin da ya hana ni zama shi ne wannan. Kina da sikila, ke kin sani, ni na sani, babanki ya sani. Gwaggo ba ta sani ba. Kuma shekaranjiya da mata suka taru yi miki faɗa, ni da bakina na ce miki ki yi haƙuri a gidan mutane, kada ki yi ƙorafi, abin da aka sa ki ki yi, kada ki ba mu kunya. Kika sunkuyar da kai kika ce to. Tun daga lokacin "to" ɗin nan naki yake min yawo a ciki. Na kasa cin tuwo, na zuba gishiri sau biyu a miya. Ki saurara har ƙarshe, kin ji ko, kada ki kashe a tsakiya.

Bari in fara da kaina. Kin tuna bara da damina, ranar da na tashe ki ki kai wa babanki kunu gona, kika ce ƙafarki, na ce ƙafar me, raguwa kawai, na ɗaka miki mafici a baya? Kika tashi kina bin bango kika ɗauki kwanon. Ni a lokacin gani nake son jiki ne, don 'ya'yan kowa suna tsalle ke kina kwance. Idonki ya yi rawaya na ce shawara ce, na jiƙa miki saiwoyi, na yi ta ɗura miki abu mai ɗaci kina amai. Sai da kika daina iya tsayuwa sannan muka nemi mota. Malamar asibiti ta kalle ni ta ce, "Baiwar Allah, ina kika ajiye yarinyar nan har jininta ya ƙare haka?" To ki ji: duk wanda ya ce miki raguwa, ko ni ce, kada ki yarda har cikin ranki. Kuma in jikinki ya yi zafi, ba jiƙo, ba a bari sai gobe. Asibiti, a ranar.

Bayan an gwada jinin, malamar ta tambaye ni, a danginku akwai wanda ya taɓa irin wannan? Akwai yaran da suka rasu da ƙuruciya? Na ce babu. Da ƙarfina na faɗa, har da ɗan jin haushi, kamar ta zagi gidanmu. Ta ce, "Ke da mijin naki 'yan uwa ne?" Na ce 'ya'yan wa da ƙani ne. Ta gyaɗa kai ta ce daga wajen uwa da wajen uba yake haɗuwa, ba laifin kowa ba ne, amma ki je ki tambayi manya. Ban tambaya ba. Na ji tsoron abin da za a ce min. Ke kada ki yi irin tawa, abin da ba ki sani ba ki ce ban sani ba, sannan ki je ki tambaya.

Kakanki ne, Babana, ya fasa maganar ba da niyya ba. Ya zo duba ki bayan an sallamo mu, ya tsaya bakin ƙofa yana tsokanarki kamar yadda ya saba, "Amaryata, wannan kwanciya haka, wa zai dafa min tuwo? Sakin ki zan yi in auro mai ƙarfi." Kika yi masa murmushi kika ɗago ido. Sai na ga dariyar ta ɗauke masa. Ya ce a hankali, shi kaɗai, "Kamar Indo."

Na bi shi har zaure na ce, "Baba, wace ce Indo?"

Ya ce, "Ƙanwarmu ce."

Na ce, "Kuna da ƙanwa?"

Ladi, na girma a gidansa, na yi aure a gidan wansa, ban taɓa jin sunan nan ba ko sau ɗaya. Ƙanwar kakanninki biyu ce, na wajena da na wajen babanki, uwa ɗaya uba ɗaya.

Bai so ba, amma na matsa. Ya yi alwala, ya sauko da gafakar mahaifinsu daga inda take rataye a zauren, jakar fatar nan da ake hana ku taɓawa. Alƙur'anin Malam, mahaifin nasu, ne a ciki, rubutun hannu. A takardun ƙarshe Malam ya rubuta haihuwar 'ya'yansa da ajami, kowa da layinsa. Baba yana bi da yatsa yana karanta min. Ga na wansa, kakanki na wajen uba, a ƙarƙashi an ƙara ranar da ya sauke karatu, da aurensa, da sunan Gwaggo Hajara, da na babanki. Ga nasa shi ma haka, har ya gangara gefen takarda. Sai nata. An haifi A'ishatu ranar Talata, ana girbin gero. A gefe, da tawada wadda ba ta kai ta farko baƙi ba, ta rasu a Rimin Gado cikin damina, Allah ya jiƙanta. Shi ke nan. Ban iya karatu ba amma na iya ganin tsawo. Na ɗora ɗan yatsana a kai, ya rufe ta duka.

Na ce, "Shekararta nawa?"

Ya ce, "Oho. Ta dai fara gwada azumi, rabin yini take kaiwa." Sa'arki ke nan, Ladi.

Na ce, "Me ya kai ta Rimin Gado?"

"Riƙo. Ƙanwar innarmu ce ta karɓe ta. Ni ina kiwon awaki lokacin, abin da na sani wani ya zo a keke ya yi sallama da Malam. Innarmu ba ta ƙara kiran sunanta ba, mu ma muka bari."

"Me ya kashe ta?"

Ya rufe gafakar ya ce, "Kwana ne ya ƙare."

Na ce, "Na sani, Baba, amma ta wace hanya?" Ya ce in tashi in je in duba marar lafiya.

Na bar maganar a nan, watanni. Na yi ta gaya wa kaina tsohon zance ne. Sai da na ga jakarki a ɗaure, na ji kin ce min "to", sannan layin nan gajere ya dawo min. Jiya da sassafe na ce wa babanki zan je Rimin Gado gaida 'yan uwa. Ya ce, "Yau? Yarinya za ta tafi jibi?" Na ce yau. Ban yi ƙarya ba, gaisuwar na je. Sai da na sauya mota a hanya, ƙaninki yana ta kuka, wata mata ta ba shi rake ya yi shiru.

Kafin in hau mota na biya wajen Baba, ya ce in tambayi gidan masu ƙuli-ƙuli. Na same shi. Wadda ta riƙe Indo ta daɗe da rasuwa, amma 'yarta tana nan, Iya Abu, tsohuwa, tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "'Yar wa?"

Na ce, "'Yar Idi, na wajen Tsanyawa."

"Idi mai manyan kunnuwan nan? Har yanzu yana gudun kare?"

Na ce ya tsufa, yanzu karen ne yake tausaya masa. Ta yi dariya har da tari, ta sa aka kawo min ruwa, ta karɓi ƙaninki ta ce wannan mijin nata bai da ko sisin kwabo, ba ta so. Da muka natsu na ce, "Iya, tambayar Indo na zo."

Ta ajiye gyaɗar. Ta ce, "Tun da aka binne ta ba wanda ya taɓa zuwa gidan nan da sunanta a baki."

Ga abin da ta gaya min, yadda ta faɗa zan faɗa miki. Tabarma ɗaya suke kwana. Indo siririya ce, fara, ta iya kitso ƙarama da ita, 'yan matan unguwar duk ita take yi wa, ba ta ja da zafi. Tana son ɗanwake, in aka yi miyar kuka sai ta ci tuwon gaya. Tana da wata 'yar waƙa da take yi wa kaji in za ta ba su tsaba, Iya ta ce ta manta kalmomin amma muryar tana kunnenta. Sun sa mata suna Gimbiya, don yawan kwanciya. "Gimbiya, a kawo miki ruwan wanka ne? Gimbiya, bayi sun gama shara." Ita ma sai ta yi dariya tare da su.

Iya ta ce, "In abin ya taso mata sai ta cusa bakin zane a baki ta juya ta kalli bango. In Innata ta ce, Indo me ke damunki, ta ce ba komai. Na taɓa ce mata, ke ki faɗa mana. Ta ce innarta ta ja mata kunne, gidan riƙo ba a kuka, kada ta ba su kunya a dawo da ita."

Ladi, da na ji wannan sai da na dafa ƙasa.

Ranar da abin ya faru an aike su kai fura gona, su biyu. A hanyar dawowa hadari ya taso, ruwa ya dake su jagab. Iya ta ce ita ta matse zanenta ta ci gaba da wasa. Indo ta shiga ɗaki ta kwanta. Washegari aka tashe su ɗebo ruwa a rafi, ta tashi ta ɗauki tulu ta bi su, ba ta ce komai ba. Ta dawo tana riƙe ƙirji, numfashi sama-sama. Sai lokacin hankalin kowa ya tashi, aka kira wanzami, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Ba ta kai Juma'a ba.

Da aka zo gaisuwa, uwar Indo tana kuka ta ce ai dama tun tana goye take da ciwon ƙashi, hannuwanta kumbura suke yi, a gida ba a bari ruwan sama ya taɓa ta, ba a aikenta rafi. Ƙanwarta ta ce, "Yaya, don me ba ki gaya min ba?" Ta ce, "Na ji tsoro kada ki ce ba kya so."

Iya Abu ta kama hannuna ta ce, "Wallahi Innata ba muguwa ba ce. Abin da ta sa ni shi ta sa ta. Da ta sani, a ɗaki za ta ajiye ta ta ba ta madara. Har ta mutu ba ta ƙara karɓar ɗan kowa ba, ita da yayarta kuma ko a biki sai dai a gaisa a wuce."

Na tambayi kabarin, ta ce maƙabartar tana nan bayan gari, amma ba mai iya nuna wurin yanzu. Na yi mata addu'a daga tsakar gidan. Ke ma ki riƙa saka ta a taki, A'ishatu sunanta.

Ban ce miki sikila ce ta kashe ta ba, ba wanda ya gwada jininta, a lokacin ma wa ya san da gwaji. Amma hannun da ke kumbura tun ana goye, naki haka ya yi. Idon, haka. Kwanciyar, haka. Har maganar da aka yi mata ranar tafiya, ita na yi miki, kamar a bakin uwarta na ɗauko.

To na karɓe maganata. Ki gaishe da mutane, ki yi ladabi, kada ki ɗauki abin da ba naki ba, kada ki bar salla, wannan duk suna nan. Amma haƙuri da ciwo, na cire shi. In ƙashinki ya fara sara, tun yana kaɗan, ki buɗe baki ki ce Gwaggo ciwona ya tashi. In ba ta ji ba ki ƙara faɗa. In tana da baƙi ki shiga gaban baƙin ki faɗa. In kuka ya zo ki yi shi da ƙarfi, kada ki cusa zane a baki. Ba kunya kika ba ni ba. In ma kunyar ce, na ɗauka, ina so.

Na san gidan Gwaggo, na taɓa kwana. Mace ce mai tsabta, da asuba take tada yara a wanke tsakar gida da ruwan famfo, ƙafa ba takalmi, a yi wanka da ruwan sanyi kafin makaranta. Ga fanka tana juyawa a kan mutum har safe. Na san halinki kuma, za ki so ki burge ta, ke za ki riga kowa ɗaukar bokiti. Kada ki ɗauka. Ki ce a ba ki tsintar shinkafa, ki ce a ba ki yankan kuɓewa, ki yi shara in rana ta fito. Ruwan wanka a ɗumama miki. Ruwan sha kuwa ki yi ta sha ko ba kya jin ƙishirwa, amma ba na firji ba. In kin ga hadari kina makaranta ki zauna a aji har ya wuce, ko kowa ya tafi ya bar ki. 'Yar ƙwayar nan rawaya kullum da safe, kada ki ce yau lafiyata ƙalau. Gidan sauro ki shiga ko ana zafi. Rigar sanyinki tana aljihun gefe tare da katin asibiti. In 'yan makaranta sun sa miki suna, su sa, ba a kwantar da mutum a asibiti don suna.

Tsaya, wani yana wucewa da shanu.

To, ya wuce. Saura maganar babanki. Kada ki riƙe shi a rai, yana son ki, shi ya ɗauke ki a kafaɗa har bakin titi ranar da muka kai ki asibiti. Tun da aka yi gwajin ya ce min kada kowa ya ji. Ya ce in magana ta fita, za a ce gidan masu sikila, ke ba mai neman aurenki, ƙannenki ma a shafa musu. Da zancen tafiya ya zo ya ce a bari ki zauna tukuna, Yaya Hajara ta saba da ke, ta so ki, sannan a gaya mata a hankali. Na ce to. Ni ma irin "to" ɗin nan naki na yi, kin ga inda kika gado shi.

Yau da safe da na kai masa koko na durƙusa na ba shi labarin Indo tun daga gafaka har rafi. Ya ce, "Wancan zamanin daban, yanzu akwai asibiti."

Na ce, "Malam, asibitin ai sai an san mutum ba shi da lafiya ake kai shi."

Ya ce, "In ta ce ba za ta iya ba fa? Makarantar fa?"

Na ce, "Damina ce, Malam. Kafin ta saba da ita ruwa nawa za a yi?" Na ce masa ni zan faɗa, ina neman izininsa, amma zan faɗa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya bar kokon rabi, ya saɓa fartanya ya fita. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce in saka miki bargonsa a kaya.

Na so in tari Gwaggo gobe in gaya mata ido da ido. Na san kaina. Gida zai cika da masu rakiya, surukata tana tsaye, ana ta a yi sauri mota za ta cika, ni kuma uwar 'yar fari an sa ran in shige ɗaki kamar ba abin da ya dame ni. Bakina zai mutu. Shi ya sa na zo nan.

Don haka ki tashi yanzu, Ladi, kada ki bari sai kin kwana. Ki kai wa Gwaggo wayar, ki danna mata daga farko, ki zauna kusa da ita har ta gama ji. Abin da ya saura nata ne.

Yaya Hajara, ina wuni. Binta ce. Ki yafe min da ban faɗa miki a gida ba, da kuma zancen tsakar gidanki da na yi, ba aibu nake nufi ba. Kin ji komai, ba abin da na rage. Indo gwaggonki ce kamar yadda take gwaggona, ban sani ba ko ke an taɓa gaya miki sunanta. Yarinyar nan tana da wahala, za ta tashe ki tsaye, za ta sa ki zaryar asibiti, ba za ta yi miki aikin da kike sa rai ba. In kin ga ba za ki iya ba, ki sako min ita a motar ranar kasuwa, wallahi ba zan ji haushi ba, zumunci yana nan yadda yake, ni zan tari babanta da maganar. In kuma kin riƙe ta, to kin riƙe ta da saninki, ni kuma zan iya cin abinci. Abu ɗaya nake roƙo. In ta ce miki ba komai, kada ki yarda, ki juyo da ita ki kalli idonta.

Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki ladan riƙo. Allah ya jiƙan Indo da uwarta da wadda ta riƙe ta. Ladi, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki lafiya da tsawon rai, ya tsare ki daga ruwa da sanyi da zazzaɓi, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Hadari yana haɗowa ta gabas, bari in tashi in je in ga ko kina cikin ɗaki. Wassalamu alaikum.